Yadda Ake Zana Samaniya Da Gajimare A Silin Ɗaki

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Funtua zuwa Malumfashi da la'asar sakaliya a watan Satumba, bayan an ɗauke ruwa, ya san samaniyar da nake nufi. Ta wanku tas, shuɗinta garau, ga gajimare fari fat ya taru nan da can bisa gonakin masara kamar tulin auduga ranar awo. Ita za mu ɗauko mu kai silin ɗaki, yadda in ka kwanta ka ɗaga ido sai ka ga kamar an yaye rufin.

Yi wa saman ɗaki ado ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Maginanmu na da suna yin bakan gizo da ɗaurin guga da azara da laka, su kafa tasa ko kwano mai ƙyalli a inda bakunan suka haɗu. Wanda ya taɓa shiga tsohon Masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani na ƙarni na 19, ya san sai da ya ɗaga kai. A Turai ma, mai zane Andrea Mantegna ya zana samaniya da gajimare a rufin wani ɗaki na fadar Mantua a Italiya, ya gama a 1474, har yau ana zuwa kallo. Namu bai kai nasu wuya ba. Kuma tun da babu hoton mai rai a ciki, ba ya jawo magana a gida, ko ɗakin amarya ne, ko na yara, ko falon baƙi.

Ka riƙe abu ɗaya tun yanzu: farin fenti kaɗan ake so a gajimaren. Yawancin masu koyon da suka ɓata silin, farin ne ya yi musu yawa. Aikin na kwana 3 ne, kuma kwana 2 daga ciki duk shiri ne.

KAYAN AIKI

Wannan lissafin na ɗaki ƙafa 12 a 12 ne, wato silin mai faɗin murabba'in mita 13 da ɗoriya. Lita 1 ta fentin ruwa takan rufe murabba'in mita 8 zuwa 10 a shafi ɗaya.

- Farin fentin ruwa, wanda ake kira imalshan, galan 1 mai lita 4.
- Shuɗin imalshan mai haske, kalar samaniya, galan 1.
- Ɗan baƙin fentin ruwa da ɗan ruwan ɗorawa, ko cikin cokali 2 kowanne ya isa.
- Rola da farantinta, da doguwar sandar da za ka zura mata.
- Burushi inci 2, da wani inci 4 mai laushin gashi.
- Soson tsohuwar katifa, da tsummokaran tsohuwar singileti.
- Robobi 6, da gwangwanin madara na awo.
- Salatif na takarda, da babbar leda ko buhunan da aka farke.
- Samfefa mai laushi, da garin POP na cike tsaga, da sikirefa.
- Farin alli, da kwalbar fesa ruwa irin ta masu aski.
- Tabarau, da tsohuwar hula, da takunkumin hanci.

In ka je shago ka faɗa a fili: "Alhaji, imalshan marar ƙyalli nake so, na silin." Kada a ba ka fentin mai. Ƙyallinsa yana tona duk wani kumburi da ke silin, warinsa ya daɗe a ɗaki, kuma ba ya sajewa da soso da ruwa.

KAFIN RANAR AIKI

Mataki na 1: Je ka kalli samaniya. Fita fili da la'asar, ko bakin dam ɗin Mairuwa in kana kusa, ka ɗaga kai na minti 10. Lura cewa shuɗin da ke bisa kanka ya fi duhu, yana ƙara haske yayin da ya gangara wajen bakin ƙasa. Lura cewa babu gajimare biyu masu kama ɗaya, kuma gefen da rana ke bugawa ya fi fari, cikinsa kuwa ruwan toka ne. Ɗauki hotuna 4 ko 5 da wayarka. Kada ka kwaikwayi baƙin hadarin da ke tasowa daga gabas. Yana da kyau a waje, amma a ɗaki nauyi yake yi wa ido.

Mataki na 2: Gane irin silin ɗinka. Na POP da na dakin siminti su suka fi karɓar wannan aiki, domin sumul suke. Na katako ma yana yi, in an fara sa masa shafin fari. Na roba mai layi-layi ba ya riƙe imalshan, ka haƙura da shi. Na asbestos, wanda ke da yawa a tsofaffin gidaje, yana fentuwa, amma kada ka kuskura ka goge shi da samfefa ko ka huda shi, domin ƙurarsa tana illata huhu. In yana da katakan da suka raba shi gida-gida, ka bar su farare. Sai su zama kamar sandunan tagar da ake hango sama ta cikinta.

Mataki na 3: Tabbatar rufin ba ya yoyo. Duba ko akwai tabon ruwa, mai kama da shayi ya zuba a farin yadi. In akwai, kira kafinta ya hau kwano ya toshe tukuna. Danna katakon da yatsa ka ji ko gara ta ci. In POP ɗin sabo ne, ba shi makonni ya bushe sarai, har sai launinsa ya zama ɗaya ko'ina, kuma in ka ɗora tafin hannu ba ka ji sanyin danshi ba. Fentin da aka shafa kan danshi ɓarewa yake yi.

Mataki na 4: Zaɓi lokaci. A yankin Funtua, Bakori da Malumfashi, mafi dacewa shi ne ƙarshen Oktoba zuwa farkon Nuwamba: ruwa ya janye, ƙurar hunturu ba ta yi ƙarfi ba, kuma damina ta riga ta nuna maka inda rufi ke yoyo. Da damina fenti yana jinkirin bushewa. Da hunturu ƙura na manne wa ɗanyen fenti, sai ka rufe tagar da iska ke shigowa. Da bazara kwano na gasa silin. Kowane lokaci ne dai, ka yi yawancin aikin tsakanin ƙarfe 7 da 11 na safe.

Mataki na 5: Gwada a kwali. Samo babban kwali, ka shafe shi da shuɗi, ya bushe. Karanta Mataki na 17 zuwa na 21, ka yi gajimare 3 a kai. Na farko ba zai yi kyau ba, kada ya dame ka. Daga nan sa wani ya riƙe maka kwalin sama da kanka ka yi na huɗu, don hannunka ya san yadda aiki a sama yake.

RANA TA FARKO: SHIRI

Mataki na 6: Kwashe kayan ɗaki. Fitar da katifa, labule, darduma da duk abin da zai ɗauku. Abin da ya yi nauyi, kamar gado ko kabad, ja shi gefe ka lulluɓe da leda. Shimfiɗa leda ko buhu a ƙasa har bakin bango, ka danne da dutse ko salatif don kada ta zame da kai. Fentin sama ɗiga yake yi, komai ƙwarewar mai shafa.

Mataki na 7: Kashe wuta daga babban makunnin gida. Kada ka ce ai an ɗauke wuta, ana iya dawo da ita kana riƙe da waya. In akwai sola ko janareta, su ma ka raba su da ɗakin. Kwance fukafukan fanka, ka sa wa kanta leda ka ɗaure. Cire ƙwan lantarki, ka naɗe mazauninsa da salatif. In ba ka san kan wayoyi ba, kira mai gyaran wuta ya yi maka wannan.

Mataki na 8: Kafa abin hawa. Tsani yana gajiyarwa, kuma ba ya barin ka matsa. Ya fi kyau ka sami tebur mai ƙarfi, ko durom 2 da katako mai kauri a kai. Tsayin da ake so shi ne kanka ya rage kamar kamu ɗaya ya taɓa silin. Girgiza shi da hannu kafin ka hau. Kada ka ɗora kujera bisa tebur. Sami ƙane ko aboki ya tsaya a ƙasa yana miƙo kaya yana riƙe maka.

Mataki na 9: Share, ka gyara. Ɗaura tsumma a tsintsiya ka kwashe yanar gizo da ƙura. Kankare gidan zanzaro da duk fentin da ya ɗago da sikirefa. Kwaɓa garin POP kaɗan-kaɗan, domin yana saurin kamawa, ka cike tsaga da ramin ƙusa. In ya bushe ka goge da samfefa a hankali, da takunkumi a hanci da tabarau a ido. In tsohon fentin mai ne a silin, jiƙa shi kafin ka goge, domin wasu tsofaffin fentin mai suna da dalma, ƙurarsu kuwa guba ce, musamman ga yara. A ƙarshe bi ko'ina da tsumma mai ɗan danshi.

Mataki na 10: Kashe tabo, ka ja iyaka. Tabon yoyo yana ratso imalshan ko sau nawa ka shafa. Ɗan shafa masa andakot na mai, wato fentin shimfiɗa, a wurin kawai, ka bar shi ya kwana, ko da hakan zai ƙara maka kwana ɗaya. Sannan bi saman bango da salatif na takarda, daidai inda ya haɗu da silin. In akwai adon POP a gefe, rufe shi shi ma. Danna bakin salatif ɗin da farce, in ba haka ba shuɗi zai kurɗa ta ƙarƙashi.

Mataki na 11: Yi shafin fari. Motsa farin imalshan da sanda har ƙasan galan. In silin sabo ne, haɗa awo 3 na fenti da awo 1 na ruwa don ya shige shi da kyau. Fara bin gefe-gefe da burushi inci 2, sannan ka cike tsakiya da rola. Kada ka cika wa rola fenti, murza ta a faranti har ta daina ɗiga. Bar shi ya bushe zuwa gobe. Wannan farin shi zai sa shuɗinka ya fito garau.

RANA TA BIYU: SHUƊI

Mataki na 12: Haɗa shuɗi kala 3. A roba ta farko zuba shuɗin yadda ya zo, wannan na tsakiyar silin ne. A ta biyu haɗa gwangwani 2 na shuɗi da 1 na fari, ka maimaita awon har ya kai kamar lita 2. A ta uku haɗa gwangwani 1 na shuɗi da 2 na fari, wannan na bakin bango ne. Rubuta awon a takarda. Ɗiga kowanne a kwali ya bushe kafin ka yanke hukunci, domin imalshan yakan ƙara duhu in ya bushe. In kana shakka, ƙara fari. Shuɗi mai duhu yana sauko da silin, ɗaki ya zama kamar akurki.

Mataki na 13: Yi shafi na farko da roba ta biyu. Shafe silin gaba ɗaya da ita, gefe da burushi, tsakiya da rola. Fara daga wajen taga kana ja da baya, don haske ya nuna maka inda ka tsallake. Kowane layin rola ya ɗan hau kan na baya tun yana ɗanye. Kada ka tsaya a tsakiya ka tafi karin kumallo, wurin da ka tsaya zai bar layi. Jira awa 3 zuwa 4, ko abin da aka rubuta a jikin galan.

Mataki na 14: Yi shafi na biyu mai hawa-hawa. Nan ake son hanzari da mutum biyu. Shafa mai duhun a tsakiya, faɗin kamar tabarma, ba da'ira sak ba. Kewaye shi da na roba ta biyu. Kai mai hasken har bakin bango, faɗin kamar ƙafa 2. Tun suna ɗanye, ɗauki burushi inci 4 mai ɗan danshi ka riƙa ja a kan mahaɗarsu, hagu da dama, da sassauƙan hannu, har iyakar ta ɓace. In ya fara kamawa, fesa ruwa sau ɗaya daga nesa. In ka yawaita fesawa zai zubo maka a fuska. In azahar ta yi zafi sosai, bar wannan matakin zuwa la'asar.

Mataki na 15: Bar shi ya kwana. Ko da ka taɓa ka ji ya bushe bayan awa ɗaya, cikinsa bai kama ba. In ka sa masa jiƙaƙƙen soso yau, shuɗin zai taso ya gauraya da fari. Rufe ragowar kowace roba da leda ka ɗaure, za ka neme su gobe. Wanke rola da burushi da ruwa tun fenti bai ƙame a jikinsu ba.

RANA TA UKU: GAJIMARE

Mataki na 16: Tsara wurare da alli. Shimfiɗa tabarma ka kwanta a inda gado ko kujera za su zauna, ka buɗe hotunan wayarka. Zaɓi wuraren manyan gajimare 3, ɗaya ya fi sauran girma. Kada babban ya zauna a tsakiya cif, kuma kada ka kewaye fanka da su kamar zobe. Bari su bi hanya ɗaya, daga wata kusurwa zuwa kishiyarta, kamar iska ce ke kora su. Ƙanana su koma wajen bango, haka ido zai ɗauka sun yi nisa. Duka-duka kada su rufe fiye da kashi 1 cikin 3 na silin. Ɗiga alama da alli sama-sama. Kada ka yi da biro ko gawayi, za su fito ta cikin farin.

Mataki na 17: Shirya soso da haɗi. Yago soson katifa da hannu, girman dunƙulen hannunka. Kada ka yanka da wuƙa, miƙaƙƙen baki yana barin shaida. Mintsine fuskarsa da farce ka ciccire, ya zama rami-rami. Yi guda 3. Sai haɗi: na farko, gwangwani 1 na fari da 2 na ruwa, ya yi kamar tsinkakken nono. Na biyu, gwangwani 1 na fari da rabin gwangwani na ruwa, kamar kunu. Na uku na inuwa ne: rabin gwangwani na fari, cokali 2 na shuɗi, da baƙi ɗan abin da kan tsinken ashana zai ɗauka. Baƙi yana da ƙarfi, ɗigo ɗaya ya yi yawa sai ka ga toka ta zama gawayi.

Mataki na 18: Sa hazon farko. Jiƙa soso da ruwa ka matse sosai. Tsoma shi a haɗi na farko, ka daddanna a kwali har ya kusa ƙarewa, sannan ka kai silin. Daddanna a hankali daga cikin gajimaren zuwa waje, kana juya wuyan hannu a kowace dannawa don kada shaida ɗaya ta maimaitu. Yi wuri kaɗan, kamar faɗin faifai 2. Nan take bi bakinsa da busasshen burushi inci 4 ko dunƙulallen tsumma har ya narke cikin shuɗi. A wannan matakin dole shuɗi ya riƙa leƙowa ta cikin farin. Ni kaina na taɓa fara wannan da azahar a watan Afrilu, ƙarƙashin rufin kwano. Kafin in juyo in tausasa bakin, fenti ya kama. Da na sauko na duba, sai ga dunƙulen fura reras a silin, dole na sake shuɗin daga farko.

Mataki na 19: Gina jikin gajimare. Jira minti 20 zuwa 30 hazon ya sha iska. Zai dushe in ya bushe, haka ake so. Ɗauki soso na biyu da haɗi mai kauri, ka rage shi a kwali kamar ɗazu. Daddanna a cikin hazon, amma kada ka kai bakinsa, bar hazon ya zama gefe. Yi tudu-tudu, wani bisa wani, babba kusa da ƙarami. Ka tuna yadda auduga take in an zube ta daga buhu: wani wuri a cure, wani wuri a yage. Bar 'yan ramuka 2 ko 3 da shuɗi ke fitowa. Bayan kowane gajimare sauko ka huta da wuyanka.

Mataki na 20: Sa inuwa. Dubi tagar da ta fi kawo haske, ita ce ranarka. Duk inuwa za ta zauna a gefen da ke nesa da wannan taga, a kowane gajimare, ba tare da sauyi ba. Da soso na uku ɗauki haɗin toka kaɗan ƙwarai. Taɓa ƙarƙashin kowane tudu, da ɗan tsakiyar manyan, sannan ka saje da tsumma tun yana ɗanye. Kada inuwa ta fita bakin gajimare ta hau shuɗi. In ka tsaya a ƙasa kana ganin ta a matsayin tabo, ta yi yawa. Danne ta da ɗan haɗi na farko.

Mataki na 21: Sa haske. Wannan ne kawai wurin da za ka yi amfani da farin da ba a tsinka ba. Ɗauke shi a bakin soso, ka taɓa ƙololuwar tudun da ke fuskantar taga. Wuri 4 ko 5 a babban gajimare sun isa, ƙananan kuma ɗaya ko babu. In kana son ɗumin hantsi, ɗiga ruwan ɗorawa ɗigo ɗaya a cikin cokali 3 na fari, ka taɓa wuri 2 ko 3 kawai. Kada ka bi baki duka da fari, zai koma kamar zanen littafin 'yan firamare.

Mataki na 22: Ja siraran gajimare. Tsoma bakin burushi inci 4 a haɗi na farko, ka share shi a tsumma har ya zama kamar babu komai. Ja shi da sauri a kan shuɗi, tsakanin manyan gajimaren, ta hanyar da iskarka ke bi. Layi 5 ko 6 masu ɗan lanƙwasa sun isa. Su ke haɗa manyan su zama samaniya ɗaya. Wajen bango kuma ɗan hura hazo da soso, don kada shuɗin ya tsaya kamar an yanka da wuƙa.

Mataki na 23: Sauko ka duba daga ƙasa. Kwanta a tabarma. Tsaya a bakin ƙofa. Ɗauki hoton silin da waya ka duba, ƙaramin hoto yana tona abin da ido ya saba da shi. Tambayi mai taya ka: "Ƙanena, wanne ne ya fi tsone maka ido?" Wanda ya nuna, yawanci shi ne ya cika fari ko ya cika zagaye. Gyara shi kaɗai. Sake dubawa da dare bayan an mayar da ƙwan lantarki, domin hasken ƙwai daban yake da na taga.

Mataki na 24: Tsaya, ka tattara. In zuciyarka ta ce ka ƙara guda ɗaya a can, ajiye soson. Cire salatif yau, a hankali, kana jan sa ƙasa nesa da silin. In ya daɗe zai taho da fentin bango. Goge ragowar alli gobe da tsumma mai ɗan danshi. Buɗe taga da ƙofa ɗakin ya sha iska kwana ɗaya ko biyu kafin a kwana ciki, musamman in akwai jariri ko mai asma. Kada ka zubar da ruwan wankin burushi kusa da rijiya ko inda dabbobi ke sha. Sai an mayar da fanka da ƙwai an gama, sannan a kunna babban makunni.

IN AN SAMI KUSKURE

Gajimare ya cika fari: ɗauki shuɗin roba ta biyu, tsinka shi da ruwa, ka daddanna daga baki zuwa ciki. Shuɗin zai ci gefen, ya mayar da shi daidai.

Baki ya yi kaifi: in bai daɗe ba, fesa ruwa kaɗan ka murza da tsumma. In ya bushe, bi shi da hazon haɗi na farko, ka ɗan wuce iyakarsa.

Shaidar soso ta fito iri ɗaya: ba ka juya hannu ba. Yago sabon soso ka bi kai da haɗi mai ruwa.

Fenti ya ɗigo ya daskare: bar shi ya bushe, kankare da bakin reza, ka taɓa wurin da launinsa.

Wuri ya lalace gaba ɗaya: shafe shi da shuɗi, ka bar shi ya kwana, ka sake. Don wannan aka ce ka rubuta awo ka ajiye ragowa.

KULA DA SHI

Zuba ragowar shuɗin a kwalabe masu murfi, ka rubuta na tsakiya da na gefe, ka ajiye a inuwa. Bayan hunturu share ƙura da tsumma mai laushi a kan doguwar sanda, ban da sabulu da gurzawa. Hayaƙin gawayi, da na fitilar kananzir, da turaren wuta mai yawa suna sa farin ya koma ruwan ƙasa, saboda haka a riƙa buɗe taga in an turara ɗaki. Kowace shekara kafin ruwan farko a hau a duba kwano, domin yoyo ɗaya ya isa ya ɓata aikin kwana 3.

In Fabrairu ta zo, hazo ya rufe Funtua har ba a ganin ƙarshen layi, shiga ɗaki ka kwanta ka ɗaga ido. Samaniyar Satumba tana nan inda ka ajiye ta.